Shingen Babbakakken Katako a Unguwar Rimi: Abin da Damina Uku Suka Yi Masa

Yayata ce ta fara kawo maganar. Akwai ɗan fili a bayan gidansu a Unguwar Rimi da ke Kaduna, ta ƙudura ta mai da shi wurin cin abinci: masa da miyar taushe da safe, shayi da gasasshen kifi bayan magariba. Katangar bulo ta fi ƙarfin abin da ke hannunta, shingen kwano kuwa ta ce zai sa wurin ya yi kama da garejin makanikai. Sai ta miƙo mini wayarta da hoton wani gida a Japan, bangonsa katako ne baƙi ƙirin, an ƙone fuskarsa da gangan.

"Auta, kai ka karanta gini. Za a iya yin irin wannan a nan?"

Na ce, "Za a iya, Yaya." Da na tsaya nan da ban yi laifi ba. Amma sai na ɗora mata abin da na tsinta a intanet ban gwada ba: wai gara ba ta cin ƙonannen katako, ruwa ba ya ruɓar da shi, kuma ita da sayen fenti har abada. A kan wannan magana tawa ta zuba kuɗinta. Yau shingen ya ga hunturu uku da damina uku, kuma tun ranar da aka buga ƙusar ƙarshe nake zuwa ina dubawa, ina ɗaukar hoto, ina shafawa da hannu. Abin da idona ya gani shi zan zayyana, domin na lura baƙin katakon nan ya fara shiga ran masu gidaje da masu wuraren shaƙatawa a Kaduna, kuma irin alƙawarin da na yi wa Yaya shi ake yi musu.

Japanawa na kiran dabarar yakisugi, wato ƙonannen sugi. Sugi itacen ƙasarsu ne, mai laushi, mara nauyi. Busasshensa mita ɗaya tsawo da faɗi da kauri bai cika wuce kilo 400 ba. A gargajiyance sukan ɗaure falanki uku su yi kamar bututun hayaƙi mai kusurwa uku, su tsayar da shi, su kunna wuta daga ƙasa. Wutar ta bi cikin bututun ta lashe fuskokin na 'yan mintuna, sannan a kwance a kashe da ruwa. Da na yi wa tsohon kafintan da ya yi mana aikin wannan bayani, wanda kowa a layin ke kira Baba, bai yi mamaki ba. Ya ce tun yana yaro a ƙauye yake ganin ana babbake gindin dirka kafin a binne ta. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ɗana, ban taɓa ganin wanda ya babbake dirka sannan ya daina duba ta ba." Na ji maganar, ban riƙe ta ba.

Yadda muka yi aikin

Mafi yawan shingen malaina ce, don ita ce mai sauƙin kuɗi a wajen 'yan katako, kuma nauyinta bai yi nisa da na sugi ba, kilo 450 zuwa 500. Falanki ne masu kaurin inci 1, tsawon ƙafa 6. Ƙofa da fuskar kantar da ake miƙa abinci muka yi su da madaci, wanda ya fi malaina nauyi nesa ba kusa ba. Akwai kuma 'yan falankin tik, irin wanda ake shukawa a gandun dajin Nimbia a kudancin jihar nan, da Baba ya rage daga wani aiki, muka jera su a kusurwar yamma. Ginshiƙan da ke ɗauke da komai kuwa sandunan bishiyar turare ne, irin waɗanda magina ke ɗaura wa gini don hawa. Muka babbake gindinsu muka binne su a ƙasa kai tsaye.

A tsakiyar hunturu muka yi ƙunar, a fili, da bokitan ruwa a gefe. Malainar da za ta fuskanci waje muka yi mata bututun Japanawa da ɓawon katako da tsohuwar jarida. Wuta ta ci ta da kyau, gawayin ya yi kaurin milimita 3 zuwa 4, ya tsattsage gida-gida. Baba ya shafa ya ce, "Bayan kada ke nan," Yaya ta ce ai ya dace da garin da ya samo sunansa daga kadduna. Waɗannan muka bar su yadda suke. Na ɓangaren da mutane ke zama kuwa muka kankare gawayin da burushin ƙarfe har zanen itacen ya fito, muka shafa man linsid, irin wanda masu fenti ke amfani da shi. Madaci ya ƙi bututu. Wutar takan yi baƙi a sama ta mutu, don haka muka koma ga bakin wutar gas da aka haɗa mana a kasuwar Panteka. Ko da shi, da ƙyar gawayin ya kai milimita 1, kuma tun a ranar na ji wasu falankin suna ƙas-ƙas, siraran tsagu suna buɗewa a fuska.

Darasin farko ya zo kafin mu buga ƙusa ko ɗaya. Falankin da aka ƙone wa fuska guda, da gari ya waye sun lanƙwashe kamar kwami. Malaina itace ce mai jinkirin bushewa, kuma tamu ba ta gama bushewa ba. Wuta ta tsotse ruwan fuska ɗaya ta tsuke ta, ɗaya fuskar na nan da danshinta. Dole muka bi bayansu da wutar gas, muka jera su muka danne da bulo kwana biyu. Ƙonannen katako ya ƙare mana saura kaɗan a kusurwar gabas, Baba ya cike gurbin da falankin malaina biyu da ba a ƙona ba, da niyyar a sauya su daga baya. Ba a sauya ba, kuma su suka zama ma'aunina.

Abin da wuta ke yi wa katako

Sai an san wannan kafin a gane abin da ya biyo baya. Katako abu uku ne a haɗe. Akwai selulos, zaren da ke ba shi ƙarfi, kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Akwai hemiselulos, wanda ya fi saurin shan danshi kuma ya fi saurin lalacewa da zafi. Sai liginin, wanda ke riƙe zaren kamar yadda laka ke riƙe ciyawa a tubali. Hasken rana, musamman ɓangarensa da ido ba ya gani wanda ake kira UV, liginin yake farfasawa. Ruwan sama ya zo ya wanke abin da aka farfasa, zaren ya rage tsirara. Shi ya sa duk katakon da aka bari a waje yake komawa ruwan toka, fuskarsa ta yi gashi-gashi.

Idan aka sa wuta, hemiselulos yakan fara rushewa tun wajen digiri 200, idan zafi ya kai wajen digiri 300 katakon ya zama gawayi. Gawayi ba shi da liginin da rana za ta farfasa, ba shi da abincin da funfuna ke nema. Ƙarƙashinsa akwai wani siririn falle mai launin ƙasa-ƙasa wanda zafi ya gasa bai ƙone ba, shi ma ba ya shan danshi kamar da. Daga nan zuwa ciki kuwa katako ne ɗanye shar, yadda zarto ya bar shi, domin katako ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauri. A falanki mai kaurin milimita 25, abin da wuta ta sauya bai wuce fatar sama ba. Wannan ya sha bamban da gashin da ake yi a masana'antu a ƙasashe irin su Finland, inda ake saka katako a tanderu na sa'o'i masu yawa a zafin digiri 180 zuwa 230 har ya gasu ciki da waje. Ni a lokacin na haɗa su biyun a kaina kamar abu ɗaya ne.

Hunturu da bazarar farko

Watanni ukun farko babu abin da ya samu shingen sai ƙura. Hazo ya cika kowace tsaga ta bayan kadan nan da garin ƙasa, baƙi ƙirin ya koma kamar tsohuwar tukunya. Sai matsalar da ban taɓa tunaninta ba. Wata Juma'a wani dattijo ya sauko daga masallaci da farar shadda, ya tsaya a waje yana jiran a ƙulla masa masa, ya jingina da shingen. Da ya juya, bayan rigarsa kamar an buga hatimi. Yaya ta ba shi haƙuri har bakin mota, ta kira ni a waya muryarta na rawa. Gawayin da ba a kankare ba, ba a shafa wa mai ba, yana bin duk abin da ya taɓa shi. Washegari muka dasa 'yar furanni a gindin shingen ta waje don kada a matso. Wannan dasa furannin shi ma daga baya ya zo da nasa.

Maris da Afrilu su suka fara taɓa jikin katakon. Kaduna na wajen digiri 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya, rana tsaka tana kusan bisa kai a mafi yawan shekara, don haka abin da ke tsaye ba da tsakar rana yake shan wuya ba, sai da hantsi da kuma bayan azahar. Ɓangaren yamma shi ya fi ji a jika. A ranakun da zafin gari ke haura digiri 35, da la'asar ba ka iya ɗora tafin hannu a kan baƙar fuskar ka ƙirga goma. Baƙi na haɗiye zafi, kowa ya sani, amma ban lissafa abin da hakan zai yi wa katakon da ke ƙarƙashi ba. Da rana fuska ta gasu ta tsuke, da dare ta huce. A ƙofar madaci, siraran tsagun ranar ƙuna suka buɗe har farce na shiga, jan itacen yana leƙowa ta cikinsu.

Ruwan gabas

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san bangon gabas shi ake fara yi wa yaɓe. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, ruwan ya zo a karkace ya doki bango, shi ya sa magina na da suke ba wannan ɓangaren makuba fiye da sauran. Na san wannan tun ina makaranta, amma ban kawo shi cikin lissafin shingen katako ba.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka da dare. Da safe na tarar da baƙin layi a ƙasa tun daga wannan kusurwa har waccan, ɓarɓashin gawayi kamar an zubar da ragowar kurfoti. Na tsuguna na ɗebo a hannu: ƙananan gidajen bayan kadan ne suka ɓalle, wasu kamar ƙwayar masara, kowanne da jar laka manne a bayansa. A nan na gane aikin da ƙurar hunturu ta yi. Ta cika tsagun, ruwa ya jiƙa ta ta zama laka, gawayin da zafi ya riga ya sassauta ya biyo ta. Gawayi ba ya ruɓewa, amma ba shi da ƙarfin riƙe kansa, kuma cike yake da ƙofofi kamar soso. Rana ba ta cinye shi. Ruwa da iska ne ke ɓantararsa kaɗan-kaɗan.

Abin da ya fi wannan muhimmanci ba a ganinsa da ido a rana ɗaya. Katako yana numfashi da iskar da ke kewaye da shi. A tsakiyar hunturu, lokacin da danshin iska ke sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ruwan da ke jikin katako yakan ragu zuwa wajen kashi 4 ko 5. A marka, cikin Agusta, danshin iska na haura kashi 80, katakon ya koma ɗauke da kashi 16 zuwa 18 ko da ruwa bai taɓa shi ba. Tsakanin waɗannan biyun falanki na kumbura yana tsukewa ta faɗinsa, ba ta tsawonsa ba. Na ga wannan a ratar da ke tsakanin falankin: a Janairu yaro na iya leƙa ciki ta wurin, a Agusta sun matse har wasu sun ture juna. Shi kuwa gawayin da ke manne a sama ba ya miƙewa tare da katakon. Duk zuwa da komowa sai ya ƙara rabuwa da abin da ke riƙe shi. A ganina wannan tazara mai faɗi tsakanin bushewar hunturu da laimar marka ita ce babbar abokiyar gabar babbakakken katako a Kaduna, fiye da yawan ruwan kansa, wanda a shekara yake kaiwa wajen milimita 1,200.

Zuwa ƙarshen damina ta biyu shingen ya rabu gida-gida, kamar ba rana ɗaya aka yi shi ba. Ɓangaren da ke ƙarƙashin bakin kwanon kicin, inda ruwa ba ya duka kuma rana ba ta daɗewa, yana nan baƙi kamar jiya aka ƙone shi. Gabas ta yi dabbare-dabbare: inda gawayi ya rage baƙi, inda ya zube ruwan ƙasa, inda ya daɗe da zubewa ya fara komawa toka. Falankin da muka kankare muka shafa wa mai sun yi kyau shekara guda cur, har baƙi na tambayar wane irin katako ne, sannan man ya ƙare, ɗan baƙin da burushi ya bari ya wanke, suka dusashe gaba ɗaya lokaci guda. Waɗanda ke ƙarƙashin bishiyar mangwaro ba su dusashe ba, amma da yake ba sa bushewa da wuri bayan ruwa, funfuna ta hau kan man, gansakuka ta bi gindinsu. Tik ya fi kowa riƙe kansa, bai lanƙwashe ba, bai tsage sosai ba. Sai dai farin gefen da ke kusa da ɓawo, wanda ke da yawa a tik ɗin da aka sare yana ƙarami, ya yi laushi, alhali zuciyar itacen na nan garau. Ƙunar da muka yi musu iri ɗaya ce. Bambancin daga itacen ne.

Dole in yi wa wutar adalci. Falankin nan biyu da ba a ƙona ba, a daminar farko kawai suka koma toka, fuskarsu ta yi gashi, tsagu suka bi su daga sama har ƙasa. Maƙwabtansu masu kaurin gawayi kuwa, da na kankare wuri kaɗan da wuƙa bayan damina ta biyu, na tarar da katako mai santsi, mai ƙarfi, ko alamar cin rana babu. Wato fatar ta yi aikinta muddin tana nan. Kuma malaina mai araha ta fi madaci mai tsada amfana da wuta, don ita ta karɓi ƙuna mai kauri. Madaci ƙunarsa ta zama kwalliya kawai, ta tafi da wuri, ta bar masa tsagun da ba don ita ba da wataƙila bai yi su haka ba. Da zan sake, ba zan kusantar da wuta ga itace mai nauyi irinsa ba.

Sama da ƙasa

Ɓarnar gaske ba a fuska ta faru ba. Kan kowane falanki, inda zarto ya yanka, a buɗe muka bar shi yana kallon sama. Ta nan itace ke shan ruwa fiye da ko'ina, domin hanyoyin da yake jan ruwa da su tun yana bishiya a nan suke buɗe baki. Rana tsaka kuma a kansu take sauka. Kusan kowane falanki ya dare daga sama, wasu tsawon tafin hannu. Ƙusoshin da muka yi amfani da su na baƙin ƙarfe ne, suka yi tsatsa, kowace ta zubo da jan hawaye a kan katakon, kuma motsin kumburi da tsukewa ya sassauta su.

Ƙasa kuwa ta fi muni. Falankin sun sauka har suna taɓa ƙasa, don Yaya ba ta son kaji da kuliyoyi su riƙa shigowa. Ruwan da ke dukan ƙasa yana fallatsowa sama kusan ƙafa 1, ya shafe gindin da jar laka wadda ke riƙe danshi kwana da kwanaki. Ga kuma furannin da muka dasa, ana ba su ruwa safe da yamma har cikin rani. Da hannunmu muka tanadar wa gindin shingen laimar da ba ta yankewa.

Yarinyar da ke share wurin ce ta fara gani, a cikin Oktoba na shekara ta biyu. Ta ce wa Yaya akwai hanyar ƙasa tana hawa bayan ginshiƙi. Na zo da Baba. Ya tsuguna, ya ɓare hanyar da yatsa, gara ta watse fara fat. Ya ciro ƙusa mai inci 6 daga aljihu ya danna a gindin sandar turaren, daidai inda muka babbake. Gawayin ya fashe kamar ɓawon ƙwai, ƙusar ta shige har kai ba tare da guduma ba. Daga waje sandar baƙa ce lafiya lau; ciki ƙasa ce zalla. Muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, fiye da rabi haka suke. Gara ba ta ci gawayin ba, gaskiya ne, ba ta da bukatarsa. Ta bi ta tsaga, ta bi ta ƙarshen sandar da ke cikin rami, ta cinye abin da ke ciki ta bar mana fatar. Ƙananan sandunan turare kuma mafi yawan jikinsu farin gefe ne, wanda ba shi da wata kariya ta kansa. Daga ginshiƙan ta haura zuwa katakon da ke kwance, wanda aka buga falankin a jikinsa, ta fara shiga bayan malainar.

Yaya na tsaye a kanmu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Auta, ba kai ka ce gara ba ta ci ba?" Na ce, "Ni na faɗa, Yaya, kuma ban san abin da nake faɗa ba. Gyaran a wuyana yake." Abin ya dame ni ƙwarai, don na san kuɗin adashenta ne na shekara biyu a jikin katakon nan, kuma da iska mai ƙarfi ta zo a wannan halin, shingen zai iya faɗowa kan mutane suna cin abinci.

Gyaran

Mun jira ruwa ya ɗauke. Baba ya kawo shawarar a jiƙa komai da baƙin mai, yadda ake yi wa katakon rufi. Na ƙi, don wurin abinci ne, ga wari, ga rijiya a cikin gidan, kuma baƙin mai dafi ne ga ƙasa da ruwa. Muka cire sandunan turare gaba ɗaya muka ƙone su, aka kira masu feshin gara suka bi ramukan. A madadinsu muka sa bututun ƙarfe da aka yi wa walda a Panteka, kowanne a cikin kankare. Muka jera bulo layi biyu a ƙasa, aka yanke ruɓaɓɓen gindin kowane falanki, yanzu katakon yana farawa ne sama da ƙafa 1 daga ƙasa, da 'yar rata tsakaninsa da bulon don ruwa ya ɗige ya wuce. Kaji ba sa shiga, katako ba ya taɓa laka. Furannin aka matsar da su gaba.

Duk inda zarto ya sake yankawa muka bi shi da wuta sannan muka shafe da mai, bayan falankin da katakon da ke kwance kuma aka shafa musu Solignum, maganin gara na katako, nesa da inda ake girki. A sama muka kifa siririn kwano mai ɗan baki, ya rufe kawunan. Ƙusoshi muka sauya da masu rufin zinki. Wani abu da ya kamata duk mai aiki da man linsid ya sani: tsumman da aka shafa shi da su, idan aka dunƙule aka tara, suna iya yin zafi su kama wuta da kansu. A baza su a fili su bushe, ko a jefa su cikin bokitin ruwa.

A kan launi muka ɗan yi ja-in-ja. Ni na so a sake ƙone gabas ɗin gaba ɗaya ya koma baƙi. Baba ya ce kowace ƙuna tana cin kaurin falankin, kuma bayan damina biyu nan za a dawo. Yaya ta raba gardamar: ɓangaren da mutane ke zama da ƙofar madaci za a riƙa wanke musu ƙura a shafa mai sau ɗaya a shekara, a ƙarshen hunturu kafin hadarin farko, gabas kuwa a bar ta ta tsufa yadda ta ga dama, tunda katakon da ke ƙarƙashi lafiya yake.

Damina ta uku ta wuce a kan wannan tsari. Makon jiya na je da ƙusar Baba a aljihuna. Na bi gindin falankin ɗaya bayan ɗaya, babu inda ta shiga, babu hanyar gara a kan bulon. Darewar sama ta tsaya inda kwanon ya same ta. Ƙasa da bakin kwanon, kamar faɗin yatsu huɗu, gawayin gabas yana nan da kaurinsa; daga nan zuwa ƙasa ya ci gaba da zubewa, yanzu toka ta fi baƙi yawa. Ƙarƙashin mangwaro funfuna ta dawo duk da wankin da aka yi, don haka na ce wa Yaya bana kada a shafa wa wannan ɓangaren mai, a sassabe rassan da suka sauko a ga ko iska za ta busar da shi. Falankin nan biyu da ba a ƙona ba, ɗaya ya tsage biyu, Baba zai sauya shi ranar Asabar. Ɗayan na roƙi a bar mini shi a wurinsa.